Kafin Ka Aika Da Kafso Gida

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun, idan aka ce da kai taifod ta kama wani naka a Izom, kada ka yi gaggawar sayen kafso a tasha ka aika. Kuɗin mota zuwa asibiti a Suleja ya fi masa amfani, domin zazzaɓin cizon sauro ma haka yake farawa.

In likita ya rubuta Ciprofloxacin, a sha da ruwa zalla. Fura da nono, abin da muke lallashin majinyaci da shi, yana hana maganin ratsa jiki, sai a ba da tazarar sa'o'i. Ko zazzaɓi ya sauka, a shanye adadin kwanakin. Taifod ɗin da aka yi wa rabin magani tana iya dawowa, har ta huda hanji.