"Umma, Ki Saya Mini Kyamara": Abin Da Za Ki Duba Kafin Ɗanki Ya Fara Watsa Gem Kai Tsaye

Dare ya yi, kin sallami kowa kin zauna za ki huta, sai ga shi ya shigo yana sosa ƙeya. Ya gaishe ki har sau biyu, abin da bai saba ba. Can sai ya ce, "Umma, don Allah kyamara nake so, ba mai tsada ba ce." Kika tambaye shi ko hoton biki zai fara ɗauka, ya ce a'a, so yake ya riƙa buga gem mutane suna kallonsa kai tsaye ta intanet.

Iyaye mata da yawa a nan suke yanke hukunci nan take. Wata ta ce shirme ne, ta kore shi. Wata kuma ta miƙa kuɗin don a zauna lafiya. Dukansu biyun sun yi gaggawa, domin maganar ta wuce ta sayen na'ura. Kyamara taga ce da za a huda a bangon gidanki, kuma duk wanda ya ga dama zai iya leƙowa.

Mene ne ma abin?

Yaro yana buga wasa irin su Free Fire, PUBG Mobile, Call of Duty ko ƙwallon eFootball, abin da ke kan fuskar wayarsa ko kwamfutarsa yana tafiya ga masu kallo a daidai wannan lokacin. Suna jin muryarsa, suna rubuto masa saƙo yana ba su amsa. A wani ɗan lungu na hoton kuma akwai fuskarsa, don a ga dariyarsa idan ya ci da takaicinsa idan an cinye shi. Wannan ɗan lungun shi ne duk aikin kyamarar.

Harka ce babba a duniya. Dandalin Twitch, wanda aka buɗe a 2011 musamman don wannan, kamfanin Amazon ya saye shi a 2014 a kan kusan dala miliyan 970. Ana yi a YouTube da TikTok ma. Akwai waɗanda suka mayar da shi sana'a, amma kaɗan ne. A YouTube, kafin mutum ya fara samun kuɗin talla daga dogayen bidiyo, sai ya tara mabiya 1,000 kuma an kalli shirye-shiryensa na awa 4,000 cikin shekara guda. Saboda haka idan ya ce miki kyamarar za ta mayar da kuɗinta cikin wata biyu, ki yi murmushi kawai.

Tambayar farko: shekarunsa nawa?

Kafin zancen farashi, ki fara da wannan. Twitch ba ya karɓar wanda bai kai shekara 13 ba, wanda kuma bai kai 18 ba sai da sa idon iyaye. YouTube ya ɗaga tasa ƙa'idar a watan Yulin 2025, yanzu sai mai shekara 16 ne zai watsa shiri kai tsaye shi kaɗai. TikTok kuwa sai an cika 18.

Yara sun iya ƙara wa kansu shekaru wurin rajista, wasu kuma su buɗe shafi da sunan yayansu. Ki nemi ya nuna miki shafin ki ga ranar haihuwar da ya rubuta. Idan bai kai ba, magana ta ƙare a nan. Zai iya ɗaukar wasansa ya ajiye a waya, ya koyi yanka bidiyo da haɗa shi, har lokaci ya yi.

Tambaya ta biyu: dole ne a ga fuskarsa?

Ba dole ba ne. Mutane wasan suka zo kallo, muryar mai wasan kuma ita ke zaunar da su. Wani ɗan Amurka da ake kira Dream ya tara miliyoyin mabiya da wasan Minecraft ba tare da an san kamanninsa ba, sai a watan Oktoban 2022 ya bayyana fuskarsa. A Japan kuma an daɗe ana amfani da zanen katun mai motsi a madadin fuskar mai shirin.

Ga yaro ko yarinyar da ke makarantar sakandare, farawa da murya kaɗai shi ne mafi sauƙi. Idan ya yi wata uku bai gaji ba, karatunsa bai ja baya ba, sai a dawo kan batun fuska. Yara da yawa kafin nan sun koma wani abin, kin ga kuɗinki sun huta.

A kan me yake buga wasan?

Amsar wannan ce za ta nuna ko akwai ma abin saye.

Idan a waya yake bugawa, kamar yawancin yaranmu, ba ya buƙatar wata kyamara. Manhajoji irin su Streamlabs da PRISM Live Studio suna iya haɗa hoton wasan da kyamarar gaba ta wayar. Matsalar kawai wayar za ta yi zafi, batir kuma ya sauka da wuri.

Idan a kwamfuta ne, tsohuwar wayar da ke kwance a durowarki za ta iya zama kyamara. Ana saka mata manhaja irin DroidCam ko Iriun, a haɗa ta da kwamfutar da igiyar caji, a kafa ta a kan sanda mai ƙafa uku. Kyamarar baya ta waya mai matsakaicin kuɗi takan fi ƙananan kyamarorin kwamfuta masu araha fitar da hoto. Manhajar da ake haɗa komai da ita, OBS Studio, kyauta ce.

Idan PlayStation 5 ce, tana da kyamararta ta musamman da Sony ya yi mata. Kada a saya mata ta kwamfuta da sunan za ta yi aiki. Xbox kuwa tana karɓar kyamarar kwamfuta ta yau da kullum.

Lambobin da ke jikin kwali

In an yanke shawarar saye, lambobi biyu ne za ki gani a kwalin. Ta farko ita ce 720p, 1080p ko 4K, wato yawan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto. Ta biyu ita ce 30 ko 60, wato hoto nawa kyamarar ke ɗauka a daƙiƙa ɗaya.

Ki tuna fuskar yaron a ɗan lungu za ta zauna, kuma masu kallo da yawa a waya suke kallo. A wannan girman, da wuya ido ya bambance 720p da 4K. Mai shago zai ce 4K ce ake yayi, amma 720p ta isa mai farawa, 1080p kuma ta wadatar har shekaru masu zuwa. Hoto 30 a daƙiƙa ya isa fuskar mutumin da ke zaune. Wasan ne ke buƙatar 60, shi kuma ba ta kyamara yake bi ba.

Don ki sami abin kwatance: Logitech C270 ƙarama ce mai 720p. Babbar yayarta C920, wadda ta fito tun 2012 kuma har yau ake amfani da ita, tana ɗaukar 1080p kuma tana daidaita ganinta da kanta idan mutum ya matso ko ya ja baya. Akwai samfurinta mai suna C920s da ke zuwa da murfi. Manyan kyamarori irin na masu ɗaukar biki suna buƙatar ƙarin na'urar da za ta shigar da hotonsu kwamfuta, wannan kuwa ba layin mai koyo ba ne.

Akwai lamba ta uku da ba a cika kula da ita ba: faɗin abin da kyamarar ke hangowa. Na C920 digiri 78 ne, wasu kuma suna kai 90 ko fiye. Mai faɗi an yi ta ne don taron ofis. A gida kuwa, yawan faɗinta yawan abin da za ta kwaso na ɗakinki. Ki zaɓi mai ƙaramin hange.

Ko a Farm Centre ta Kano za a saya, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Legas, a tafi da kwamfutar a gwada a wurin. Akwai kwalaye masu rubutun 4K ɓaro-ɓaro alhali abin da ke ciki bai kai rabin haka ba. Ta hannu mai suna sananne, idan tana aiki lafiya, ta fi sabuwa marar asali.

Haske da murya sun fi kyamara

Ƙaramar kyamara ba ta jure duhu. Idan haske ya yi ƙaranci, hoton sai ya cika da ɗige-ɗige, fuska ta yi toka-toka. Abin ya fi shafar masu duhun fata irinmu, musamman idan akwai taga ko farin bango mai haske a bayan mutum: kyamarar takan bi hasken bayan, ta bar fuskar a inuwa. Maganin shi ne haske ya fito daga gaba. Da rana ya fuskanci taga, da dare kuma fitila mai caji ko fitilar zobe irin ta masu kwalliya ta isa, ga shi ba ruwanta da ɗauke wuta.

Murya kuwa ita ce ginshiƙi. Mai kallo zai haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma ba zai zauna yana jin ƙarar janareta da kukan fanka ba. Abin saƙalawa a kunne mai makirufo kusa da baki ya fi makirufon da ke jikin kyamara, don ba ya kwaso hayaniyar tsakar gida sosai. Idan kuɗin kaɗan ne, a fara da wannan da fitila.

Kuɗin da ba ya ƙarewa

Kyamara sau ɗaya ake saye. Data kullum ce. Watsa shiri a 720p yana buƙatar tura kusan megabit 3 a daƙiƙa, wato kimanin gigabait 1.35 a awa guda. A 1080p mai hoto 60, adadin yakan ninka zuwa kusan gigabait 2.7. Yaron da ke yin awa biyu sau uku a mako a ƙaramin matakin zai cinye fiye da gigabait 30 a wata, ban da wadda wasan kansa ke ci. Ki lissafa wannan da farashin datar da kike saye, ku kuma yi magana tun yanzu a kan wanda zai riƙa biya.

Abin da ke bayansa

Nan ne aikinki ya fi yawa. Magana zarar bunu ce, shirin kai tsaye kuma haka yake: abin da ya fita ya fita, kuma kowane mai kallo na iya naɗarsa ya ajiye. Ranar da aka kafa kyamarar, ki zauna a kujerar da kanki ki dubi abin da take nunawa.

Ki duba ko ana hango ƙofar ɗaki, inda ke ko 'yan'uwansa mata za ku iya giftawa ba mayafi. Ki duba rigar makaranta mai tambari da ke rataye, da takardar sakamako a bango, da tagar da ke nuna gidan maƙwabta ko allon wani shago. Waɗannan ƙananan abubuwa sun isa baƙo ya gane makarantarsa da unguwarku, kuma a yanayin tsaron da muke ciki ba abin wasa ba ne. Mafi kyau ya juya bayansa ga bango, ko a rataya labule marar ado.

Kunne ma haka. Makirufo zai ɗauki kiran da kika yi masa da cikakken sunansa, da hirar kuɗi da kuke yi da Abbansa a falo. A sanar da mutanen gida duk lokacin da ya fara, a kuma sa masa iyaka: ranakun da zai yi da lokacin da zai rufe. Idan ya gama, a rufe idon kyamarar da murfinta ko a zare igiyar.

Sai masu rubuto saƙo. Cikinsu akwai abokai, akwai masu zagi, akwai kuma babban mutum da zai riƙa yabon yaro, ya turo masa kyauta, daga nan ya nemi su koma hira ta sirri a WhatsApp. Twitch da YouTube duk suna da wurin toshe kalmomin batsa da naɗa wani amintacce ya riƙa share saƙonni. Yayansa ko ƙanwarki za su iya riƙe wannan. Ke ma ki bi shafin da wayarki, ki riƙa leƙawa, kuma ya san kina leƙawa. Ki faɗa masa a fili: ba ya ba kowa lambar waya, sunan makaranta ko unguwa, kuma duk wanda ya nemi hotonsa ko ya ce kada ya gaya wa Umma, to Umma ce farkon wadda za ta ji, ba kuma za a ƙwace masa waya don ya faɗa ba. Yaron da ke tsoron a raba shi da wasansa shiru zai yi, shirun nan kuwa shi mugu yake nema.

To, me za ki ce masa?

Ki ce ya zo ya nuna miki yadda ake yi. Ki zauna kusa da shi ya buga zagaye ɗaya kina kallo, ko da ba ki gane komai ba. Daga nan ku bi abin daki-daki: shekaru, sannan murya ba fuska, sannan tsohuwar waya da fitila, kyamara kuma a ƙarshe idan ya nuna da gaske yake. A hanya zai koyi sarrafa sauti da haske da magana a gaban jama'a, abubuwan da za su yi masa amfani ko ya daina gem.

Ke fa, 'yar'uwa, naki ya taɓa zuwa miki da wannan roƙon? Yaya kuka ƙare? Ki ba mu labari a ƙasa, wata uwar za ta ƙaru.