A Koya Wa Yara Kiwo Tun Daga Tsakar Gida

A cikin birnin Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, da wuya a shiga gida ba a ga akuya a turke ko kaji a akurki ba. Wannan kiwo shi ne asusun iyali. Shi ake sayarwa in ciwo ya zo, ko suna, ko kuɗin makaranta. Amma yara da yawa suna tashi ba su san yadda ake kula da dabbobin ba. Ga hanyoyin da iyaye za su bi su koya musu.

Sanin suna

A fara da yaro ɗan shekara uku ko huɗu. Da safe uwa ta nuna masa dabba ta faɗi sunanta, shi kuma ya maimaita: akuya da bunsuru, tunkiya da rago, saniya da maraƙi, kaza da 'yan tsaki. Da dare a yi wasan kwaikwayon kukansu. Wani ya yi kuka, saura su faɗi mai shi. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya rubuta sunayen a ƙasa, yara su kwafa.

A ba yaro tasa

Tun kaka da kakanni akan ba yaro kaza a ce tasa ce. In ta hayayyafa a sayar a saya masa 'yar akuya. Wannan al'ada ba ta yarwa ba ce. Yaron da ya san kazarsa ce ba ya mance ba ta tsaba da ruwa.

Ƙirga kwanaki

Kaza tana kwanci kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe. Ranar da ta hau ƙwai, a ba yaro gwangwani ya riƙa jefa tsakuwa ɗaya kullum. Ta haka ya koyi ƙidaya, ya koyi haƙuri. Akuya da tunkiya kuwa wata 5 suke yi da ciki, saniya kamar wata 9.

Aikin da ya dace da ƙarfinsa

Ƙaramin yaro zai iya zuba dusa, ya miƙa harawa, ya wanke kaskon ruwa tare da yayarsa. Babban aikinsa shi ne tsince leda a tsakar gida da ƙofar gida. Akuya tana cin leda, ba ta narkewa a cikinta, sai ta yi ta ramewa har ta mutu.

Kasuwa ma makaranta ce

Gab da Babbar Salla uba ya tafi da ɗansa inda ake sayar da raguna. Ya nuna masa 'Yankasa, da Balami mai girman jiki, da Uda mai launi biyu. Ya nuna masa yadda ake duba haƙori a gane shekaru. Ya gaya masa cewa a Shika, kusa da Zariya, akwai cibiyar binciken kiwo ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta fito da kazar ƙwai mai suna Shika Brown.

A kiyaye lafiyarsu

A shekarar 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji a Jaji, a kan hanyar Zariya zuwa Kaduna. Cuta ce da ke iya kama mutum. Saboda haka a hana yara taɓa mushen kaza ko tsuntsu. In sun gani, su gaya wa babba. Su wanke hannu da sabulu bayan aikin dabba. Kada a ba su madarar da ba a tafasa ba. Kada su tsaya a bayan jaki, ko su tsokani rago. Dabbar da ta daina cin abinci kuwa, a nemo mata malamin dabbobi da wuri.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya iya kula da kaza ɗaya yau, shi zai riƙe garken gida gobe.