Fenti ba ya tayar da mataccen shokozoba: Jan hankali ga masu ƙawata babur a Madawa, Buza da Keita

A gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tahoua, babur ne motar haya, shi ne ke fito da buhun albasa daga lambu zuwa bakin hanya, shi ne kuma ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare daga ƙauyen da mota ba ta shiga. A wurin matasa kuwa abin ado ne. Saurayi kan sayi tsohon Kasea ko Haojue ko Boxer, ya wargaza shi, ya sake masa kujera da fitilu, ya fesa wa sifirin ɗin baya jan fenti ko ruwan ɗorawa, har wanda ya sayar masa ya kasa gane shi.

Wannan sha'awa tana da tarihi. Tun a shekarun 1950 da 1960 matasan Ingila ke rage wa baburansu nauyi suna sake masu fasali, suna haɗuwa a wurare irin su Ace Cafe da ke Landan, yayin da na Amurka suka shahara da tsawaita ƙafafun gaba. Yau hotunan irin waɗannan babura na yawo a Facebook da TikTok, kuma matashin Tamaske ko Bangi na ganinsu a wayarsa. Sai dai baburan cikin hoton a kan lafiyayyar kwalta suke tafiya, nasa kuwa duwatsun Adar ke jiransa.

Ƙasar da ke cin ƙarfe

Madawa na kan babbar hanya ta ɗaya, tsakanin Birnin Ƙonni da Maraɗi. Da zarar an bar ta aka nufi arewa, wajen Buza da Keita, sai ƙasa ta sauya: tuddai masu duwatsu, kwaruruka, da ƙoramun da ke yanke hanya da damina. Zaizayar ƙasa da iskar yankin ce ta sa ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya a 1975, aka kuma ƙaddamar da babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar FAO. Iskar da aka dasa itatuwa don a tare ta, ita ce ke kwaso yashin da ke shiga kowane lungu na babur.

A irin wannan hanya, abin da ya fi shan wuya shi ne shokozoba, wanda makanikan Nijar da dama ke kira amortisar. Ga kuma lodi: babur ɗin da aka ƙera don mutum biyu yakan ɗauki uku, da buhu a baya. Samun sabon kaya ma ba kullum yake da sauƙi ba. Kayan gyara da yawa ta Najeriya suke shigowa, kuma iyakar ƙasashen biyu ta kasance a rufe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Duk lokacin da sabo ya yi tsada, tsoho kan samu kasuwa, a goge shi, a fesa masa fenti, a rataye.

Abu biyu ne a haɗe

Abin da ake kira shokozoba abu biyu ne masu aiki daban. Sifirin shi ke ɗaukar nauyi. A tsakiyarsa akwai bututu mai ɗauke da mai, da sandar ƙarfe mai sheƙi da ke shiga tana fita. Idan sandar ta motsa, sai man ya matsu ta wasu ƙananan ƙofofi, wannan turjiyar ce ke hana sifirin yin ta tsalle bayan an faɗa rami. A gaban babur ma haka ne, sai dai a can sifirin ɗin yana ɓoye cikin ƙafafun biyu tare da man.

Idan man ya tsiyaye ko ƙofofin suka lalace, sifirin na nan lafiya lau, babur na tsaye daram kamar babu abin da ya same shi. Sai an hau hanya mai gargada ne tayar za ta riƙa tashi daga ƙasa tana dira. Tayar da ke sama kuwa ba ta jin birki, ba ta bin kwana. Wannan ne ya sa fenti ke da haɗari a nan: alamar farko ta lalacewa ita ce danshin mai da ƙura ta manne masa a jikin bututun, kuma ita ce wanki da feshi ke fara ɓatarwa. Kyan ɗan maciji ke nan.

A gwada kafin a sayi fenti

Gwajin ba ya cin ko dala. A danna bayan babur da ƙarfi a saki. Mai lafiya zai taso sau ɗaya ya tsaya, matacce zai yi ta lilo. A gaba, a riƙe birki a danna kan babur ɗin sau da yawa, sannan a duba sandar. Idan zoben mai ya fito a jikinta, robar da ke tare mai ta mutu. A bi sandar da farce, duk inda farce ya maƙale a ramin tsatsa ko zane, nan ne zai yanke sabuwar roba cikin 'yan makonni. Sandar gaba da ake zargin ta lanƙwashe, a cire ta a mirgina ta a kan gilashi, idan ta karkace za ta nuna.

Ƙafafun gaba suna gyaruwa. Ana kwance su, a zubar da tsohon mai, a wanke ciki, a sa sabuwar robar mai da ta ƙura, a zuba sabon mai daidai awon da kamfanin ya faɗa, kuma awo ɗaya a ƙafafun biyu. Baƙin man da aka juye daga inji ba shi da wuri a nan, domin ɓurɓushin ƙarfen da ke cikinsa zai ci robar da bututun. Na baya kuwa, a yawancin ƙananan baburan da ke shigowa daga Sin da Indiya, a rufe aka ƙera bututunsu, ba a yi su don a buɗe ba. Idan sun mutu sai sauyawa, kuma biyun tare, domin sabo a dama da tsoho a hagu na sa babur ya riƙa karkata. Wasu ma akwai matsattsiyar iskar gas a cikinsu, don haka huda su ko kai masu wutar walda ganganci ne.

Inda fenti ke da amfani

Idan kayan sun ci gwaji, fenti na da fa'ida ta gaske, domin yana kare sifirin da bututu daga tsatsa, kuma a ramin tsatsa ne sifirin ke fara tsagewa. Matakin farko shi ne raba sifirin da bututu. A matse yake, kuma idan ya kuɓuce yana iya fasa ido ko karya yatsa, saboda haka aikin mai abin matsewa ne, ba na yaron shago da sukudireba ba.

Bayan nan a wanke maiƙo tas, a bi tsatsa da burushin waya, a goge da samfefa mai kaushi kamar lamba 180, a ƙarasa da mai laushi kamar 400. Kada a ƙona tsohon fentin sifirin da wuta. Ƙarfensa da zafi aka hore shi, idan ya sake yin ja sai ya saki, babur ya zauna. Jiƙa shi cikin ruwan batir don cire tsatsa ma na iya sa ya yi gautsi ya karye ba zato.

Akwai wuraren da fenti bai kamata ya taɓa ba: sandar nan mai sheƙi, bakin robar mai, haƙoran noti, ramukan da bushin ke zama, da fuskar da birki ke ɗauruwa a kai. Duk a naɗe su da takarda da salatif. Fentin da ya hau sanda zai ɓare ya shige ƙarƙashin roba, mai ya fara zuba, garin neman gira a rasa ido.

Sai fentin shimfiɗa, wanda ke kama ƙarfe ya riƙe na sama. Ƙasan ƙafafun gaba galibi alminiyom ne, yana buƙatar irin shimfiɗar da aka yi dominsa, in ba haka ba fentin zai saɓule. A fesa siriri sau biyu ko uku, gwangwani na nesa da kamar santimita 25, ana ba da tazarar 'yan mintoci kamar yadda aka rubuta a jikinsa. Fenti mai kauri a jikin sifirin tsattsagewa yake yi, tunda ƙarfen kullum cikin lanƙwasa yake.

Yanayi ma na da ta cewa. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ƙarfen da ya sha rana kuma na busar da fenti tun kafin ya kwanta. Da hunturu ƙura ce ke manne masa. Mafita ita ce a yi feshi da sassafe, a inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe hanci da baki da abin kariya na ƙwarai. A bar kayan su kwana biyu ko uku kafin a haɗa, a kuma tuna fetur na narkar da fentin gwangwani. A ƙasashen waje ana fesa wa sifirin fentin gari a gasa shi a tanda mai zafin kusan digiri 200. Ya fi ƙarko, amma bututu mai mai da roba ba ya shiga tanda.

Wajen haɗawa, a sa sababbin bushin, a kuma ƙarasa ɗaure notunan bayan babur ya sauka a kan tayoyinsa. Robar nan mai lanƙwasa da ke lulluɓe sandunan gaba, wadda wasu ke cirewa don sandar ta riƙa walƙiya, ita ce garkuwarsu daga yashi da tsakuwa. A hanyar Garhanga ko Ibohaman ta fi kowane launi amfani.

Sauya tsayi ba wasa ba ne

Wasu kan yanke sifirin don babur ya yi ƙasa, wasu su sa dogon shokozoba don baya ya ɗaga. Sifirin da aka rage wa zagaye ƙara tauri yake yi, tazarar motsinsa kuma ta ragu. Ɗaga baya na sauya yadda kan babur ke juyawa da yadda sarƙa ke ɗamewa. Mai son ɗaukar kaya ba ya buƙatar ko ɗaya: a yawancin shokozoban baya akwai zobe mai matakai da ake murzawa a ƙara wa sifirin matsi, muddin an daidaita ɓangarorin biyu a mataki guda.

Ga masu aiko da kuɗi

Adarawa sun daɗe da sanin hanyar bida, daga Abidjan da Legas zuwa Libiya da Aljeriya, kuma babur na cikin abubuwan farko da ɗan bida ke saya wa ƙaninsa don ya yi kabu-kabu. Sau da yawa hoto kawai yake gani ta WhatsApp. Hoto kuwa launi yake nunawa. Wanda zai tura kuɗin tsohon babur ya nemi ɗan gajeren bidiyo: a danna gaba da baya a gaban kyamara, a nuna sandunan kusa bayan an zaga gari da shi. Idan aka ga sabon fenti a shokozoba alhali sauran jikin babur ɗin ya tsufa, a tambayi dalili. Ya kuma ware kuɗin hular kwano cikin lissafin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. Robar mai biyu da sabon mai ba su kai kuɗin jinyar karaya ɗaya ba. Wanda ya fara da su kafin ya je shagon fenti, shi ne kwalliyarsa za ta biya kuɗin sabulu.