Hayar Zauren Bene A Birnin New York: Yadda Masana'antu Suka Zama Gidajen Kwana

A cikin birnin New York na ƙasar Amurka akwai wani irin masauki da Amurkawa ke kira lof. Shi dai lof hawa guda ne na bene, wanda tun asali ba don kwana aka gina shi ba, sai don ɗinki, ko ɗab'i, ko ajiye kaya. Ba a yanka shi ɗaki-ɗaki ba. Zaure ɗaya ne tal, mai dogon rufi da manyan tagogi, da ginshiƙan ƙarfe a tsakiya. Da yawa daga irin waɗannan benaye an ɗora su ne a kan fili mai faɗin ƙafa 25 da tsawon ƙafa 100, watau rabin fulotin nan da aka saba da shi mai ƙafa 50 da 100. Mai karatu sai ya auna girman ɗakin da ya cinye rabin fuloti.

A yau hayar irin wannan zaure a unguwar SoHo, da ke kudancin tsibirin Manhattan, sai mai hannu da shuni. Amma fa shekaru sittin da suka wuce, wanda ya rasa kuɗin hayar gida sosai shi ke fakewa a can.

Yawancin benayen SoHo an gina su ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, da fuskokin zubin ƙarfe. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai masana'antu suka riƙa ƙaura zuwa bayan gari da jihohin kudu, inda fili da ƙwadago suka fi araha. Daɗin daɗawa, hukuma ta shirya ratsa unguwar da wata babbar hanyar mota, shirin da Robert Moses ya tsaya a kansa. Tun da ana jiran rusau, ba mai gidan da ya ga amfanin gyara, sai suka shiga ba da haya ga duk wanda ya zo.

Waɗanda suka zo kuwa masu zane-zane ne da masu sassaƙa, waɗanda sana'arsu ke bukatar fili da haske. Matsalar ita ce doka ta keɓe unguwar don masana'antu, saboda haka kwana a cikinta laifi ne. 'Yan haya kan toshe tagogi da dare don kada a hangi fitila, su ɓoye katifa in sufeto ya zo. Da an tashi aiki, ko ranar hutu, akan kashe na'urar ɗumama gini, ko da a tsakiyar hunturu ne. Yawanci babu ƙararrawa a ƙofa. Baƙo sai ya tsaya a titi ya yi kira, a jefo masa mabuɗi cikin safa. Su 'yan hayar ne suka ja famfo da wayar lantarki, suka gina madafa da makewayi, duk da kuɗin aljihunsu.

A shekarar 1968 mai sassaƙa Donald Judd ya sayi bene mai hawa biyar sukutum a Titin Spring a kan dala 68,000. A 1969 Magajin Gari John Lindsay ya yi watsi da shirin hanyar mota. A 1971 aka gyara doka, aka yarda masu fasaha waɗanda hukuma ta ba takardar shaida su zauna a wuraren aikinsu. A 1973 kuma aka sanya unguwar cikin wuraren tarihi da ba a rushewa.

Daga nan ne labari ya juya. Unguwa ta yi suna, ɗakunan nunin zane da gidajen abinci suka buɗe, attajirai suka fara sha'awar zama a zaure irin na masu fasaha. Masu gidaje suka ga cewa wurin da ɗan haya ya gyara ya ninka daraja, sai suka fara ƙara haya ko ba da sammaci. Ɗan haya kuwa ba shi da abin riƙewa a kotu, domin takardar da ya sa wa hannu ta hayar wurin sana'a ce, ba ta gidan kwana ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Rigima ta yi yawa har Majalisar Dokokin Jihar New York ta kafa Dokar Lof a 1982. Dokar ta shafi benayen da iyali uku ko fiye suka zauna a ciki tsakanin Afrilu 1980 da Disamba 1981. Ta tilasta wa mai gida ya gyara ginin ya cika sharuɗɗan lafiya da na kariya daga gobara, ya karɓi takardar izinin zama. Ta hana korar ɗan haya haka kawai, ta ƙayyade ƙarin haya, ta kuma ba shi ikon sayar da gyare-gyaren da ya yi in zai tashi. An kafa hukuma ta musamman don lura da wannan aiki.

Duk da haka dokar ba ta hana tsada ba. Masu ƙaramin ƙarfi suka haye kogi zuwa Brooklyn, suka shiga tsofaffin masana'antun Williamsburg da Bushwick, abin da ya faru a SoHo ya sake faruwa a can. Shi ya sa aka faɗaɗa dokar a 2010, aka kuma ƙara a 2019.

To, ɗalibi ko ma'aikacin da karatu ko aiki ya kai shi wannan birni, ya ga tallar babban zaure a kan kuɗi kaɗan, me ya kamata ya duba? Na farko, takardar izinin zama ta ginin, wadda kowa ke iya bincikawa a shafin intanet na Ma'aikatar Gine-gine ta birnin. Na biyu, takardar hayar kanta: ta gidan kwana ce ko ta wurin sana'a? Na uku, wa ke biyan kuɗin ɗumama, domin zaure mai dogon rufi da tsofaffin tagogi yana shan makamashi ainun. Ya kuma sani cewa masu gidaje kan nemi abin da yake samu a shekara ya kai ninki 40 na hayar wata guda, kuma tun 2019 doka ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata ɗaya.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne ƙofar fita. A watan Disamba na 2016 gobara ta tashi a wani sito da aka mayar masauki ba da izini ba a birnin Oakland na Jihar Kalifoniya, ta hallaka mutum 36. Ɗaya daga cikin matakalan ginin da tarkacen katako aka haɗa ta. Saboda haka mai neman haya, kafin faɗin zaure ya ɗauke masa hankali, ya fara ƙirga matakalai, ya taɓa ƙofar baya da hannunsa ya tabbata tana buɗewa.