Likitoci Biyu, Teku a Tsakani: Wa Ya Kai Labarin?

A shekarar 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani likitan ƙwaƙwalwar yara mai suna Leo Kanner, na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, ya buga rahoto a kan yara 11, maza 8 mata 3. Yaran ba sa haɗa ido da mai yi musu magana. Wasunsu sukan mayar maka da maganarka yadda ka faɗe ta, har da karin muryarka. In aka ɗan sauya tsarin kayan ɗaki, ko aka bi wata hanya daban zuwa gida, sai hankalinsu ya tashi matuƙa. Amma a cikinsu akwai masu hadda mai ban al'ajabi. Kanner ya kira wannan hali otizim, lalurar da kafafen labaranmu kan kira galahanga.

A 1944 kuma, a birnin Viyana na ƙasar Austiriya, wani likitan yara, Hans Asperger, ya buga nasa rahoton a kan yara maza 4. Su waɗannan bakinsu a buɗe yake, suna magana irin ta manya, kowa da abu guda da ya ɗauke masa zuciya, amma zama da tsara ya gagare su, a filin makaranta su ne abin tsokana. Shi ma kalmar otizim ya yi amfani da ita.

To ga abin ɗaure kai. Tun watan Maris na 1938 Jamus ta haɗiye Austiriya, kuma tun Disambar 1941 Amurka ke yaƙi da Jamus. Babu ɗaya daga cikin rahotannin biyu da ya ambaci ɗan'uwansa. Yaya aka yi mutum biyu, teku a tsakaninsu, yaƙi a tsakaninsu, suka hango irin yara ɗaya kusan lokaci ɗaya, suka kuma raɗa musu suna ɗaya? Kusan shekara saba'in amsar da ake bai wa ɗalibai ita ce: dace ne kawai. Ni kam wannan amsa ba ta taɓa gamsar da ni ba, kuma ban ɗauki tambayar a matsayin gardamar malamai ba. Akwai mutane da yawa a duniya da suka rayu da sunan Asperger a rubuce cikin katin asibitinsu. Suna da haƙƙin su san wa ya fara kallon irinsu, da irin idon da ya kalle su da shi.

Kalmar ita ce mafi sauƙin warwarewa. Ba Kanner ne ya ƙirƙire ta ba, ba kuma Asperger ba. Wani likitan Suwizalan, Eugen Bleuler, shi ya yaɗa ta a littafinsa na 1911, yana nufin yadda wasu manya masu taɓin hankali kan janye daga mutane su dulmuya cikin duniyar kansu. An haifi Kanner a 1894 a cikin daular Austiriya da Hangari, ya yi karatun likita a Berlin, sai a 1924 ya ƙaura Amurka. Ke nan su biyun da Jamusanci suka yi karatu, littattafai ɗaya suka karanta. Wannan ya bayyana inda suka tsinci kalmar. Bai bayyana dalilin da ya sa su biyun suka cire ta daga kan manya marasa lafiya suka ɗora ta kan ƙananan yara da ake ganin da halin aka haife su ba.

Daga nan sai zargi ya shigo. An gano cewa tun a watan Oktoban 1938 Asperger ya gabatar da lacca a asibitin jami'ar Viyana inda ya yi amfani da kalmar a kan yara, aka kuma buga laccar a mujallar likitocin birnin mai fitowa mako-mako. Kanner yana jin Jamusanci kamar kowane Bajamushe. Sai wasu suka ce ai magana ta ƙare: karantawa ya yi, ya kwafa, ya yi shiru. Sai dai wannan zargi gurgu ne. Laccar gajera ce, rahoton Kanner kuwa aikin shekara biyar ne a kan yaran da ya bibiya ɗaya bayan ɗaya. Mutum na iya kwafar kalma daga takarda, amma idon da zai ga yaro ya gane shi ba a takarda ake samunsa ba. Akwai kuma tambayar da masu zargin suka tsallake: Asperger kansa, wanda ya fara aiki a sashen a 1932 yana da shekara 26, a wajen wa ya koya?

Ashe amsar tana kwance cikin rahoton Kanner ɗin kansa, a shafukan farko. Yaro na farko a jerin shi ne Donald, ɗan garin Forest a jihar Mississippi, wanda iyayensa suka kawo Baltimore a Oktoban 1938 yana da shekara biyar, bayan mahaifinsa, lauya, ya aiko da wasiƙa mai shafi 33 yana zayyana halayen ɗansa. An kwantar da Donald mako biyu a wani gidan nazarin yara na jihar Maryland domin a lura da shi. Kanner ya rubuta sunayen likitoci biyu da suka yi wannan lura: Eugenia Cameron da George Frankl. Dubban mutane sun karanta wannan layi suka wuce. Wani ɗan jarida Ba'amurke, Steve Silberman, ya tsaya a kansa, kuma a littafinsa NeuroTribes na 2015 ya bayyana ko wane ne wannan Frankl.

Georg Frankl, kamar yadda ake rubuta sunansa a gida, likita ne a sashen nan na Viyana da Asperger ya shiga, kuma ya riga Asperger zuwa da shekaru. Wani likita, Erwin Lazar, ya kafa sashen a 1911, da tsari na daban. Ba a duba yaro minti goma a sallame shi. Zama yake yi a wurin na makonni, ma'aikata suna cin abinci tare da shi, suna wasa da shi, suna koya masa karatu, suna lura da yadda yake ɗaure takalmi da yadda yake fushi, sannan su taru su tattauna a kansa. Babbar ma'aikaciyar jinya, Viktorine Zak, tana sa yaran kiɗa da wasan kwaikwayo. A wannan gida Frankl ya ƙware wajen gane halin yaro. Tare da shi akwai wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Anni Weiss, wadda tun a 1935 ta buga maƙala a wata mujallar Amurka a kan wani yaro ɗan shekara tara daga sashen, mai basira amma mai tsananin tsoron sauran yara, wanda bai fahimci ƙa'idojin zama da mutane da kowa ke ɗauka ba sai an koya ba.

Frankl da Weiss Yahudawa ne. Da ƙiyayya ta yi ƙamari a Viyana, Weiss ta fara ficewa zuwa Amurka, Frankl ya bi ta a 1937, suka yi aure. Wanda ya taimaka masa ya samu wurin aiki shi ne Leo Kanner, wanda a shekarun nan ya tsaya wa likitoci 'yan gudun hijira da dama. Saboda haka ranar da aka shigo da Donald, a cikin waɗanda suka karɓe shi akwai mutumin da ya shafe kusan shekara goma yana zaune da irin waɗannan yara a Viyana. Sanin bai tsallaka teku a cikin ambulan ba. Mutum ne ya ɗauko shi a kansa, yana gudun ransa.

Saura tambaya ɗaya mai nauyi: me Frankl ya kawo? Mai yiwuwa ne ya kasance ɗan aike kawai tsakanin manya biyu. Wanda ya bi wannan sawu har ƙarshe, abin da ya fi taɓa ni a labarin ke nan, ba farfesan tarihi ba ne. John Elder Robison ne, Ba'amurke da aka haifa a 1957, wanda ya bar makarantar sakandare bai gama ba, ya yi aikin haɗa jita masu fitar da hayaƙi da wuta ga ƙungiyar mawaƙa ta KISS, daga baya ya buɗe garejin gyaran motoci a jihar Massachusetts. Sai da ya kai kimanin shekara 40 aka gaya masa cewa abin da ya sa ya bambanta da mutane tun yana yaro yana da suna, sunan kuwa Asperger. Ya rubuta tarihin rayuwarsa a 2007. A 2013 ya ajiye muƙaminsa a ƙungiyar Autism Speaks, saboda yadda take siffanta masu otizim a matsayin musiba ga iyalansu. Wannan mutumin ne ya bi tsofaffin takardu da wasiƙu, ya fitar da maƙala a mujallar Autism a 2017 inda ya kira Frankl mutum na uku a asalin wannan bincike.

Ga abin da takardun suka nuna. A mujallar da Kanner ya buga rahotonsa, a shekarar 1943 ɗin, akwai maƙalar Frankl, kuma taken maƙalun biyu na ɗauke da jigo guda, wato sadarwar zuciya tsakanin mutum da mutum. Frankl ya ce harshe iri biyu ne. Akwai na kalmomi, akwai kuma na fuska da murya da motsin jiki, wanda ke gaya maka ko mai magana wasa yake ko gargaɗi. Yawancin yara suna tsintar na biyun ba tare da an koya musu ba. Waɗannan yara kuwa suna iya mallakar kalmomi sarai, amma harshen fuska ya zame musu baƙon yare. Duk wanda ya saurari manya masu otizim suna bayanin kansu zai ji abin da suke faɗa ke nan: ba ƙin mutane suke yi ba, fassarar fuska ce ke ci musu ƙarfi, kallon ido kuma yana iya hana su jin abin da ake faɗa. A ganina da wannan bayani ne ya yi rinjaye, da an rage wa iyaye mata da yawa hawaye. Abin da ya yi rinjaye shi ne maganar da Kanner ya yi cewa iyayen yaran masu sanyin zuciya ne, wadda wani masanin halayyar ɗan Adam, Bruno Bettelheim, ya faɗaɗa a littafinsa na 1967 har ta koma tuhuma a kan uwa.

To me ya sa sunan Frankl ya ɓace, na Asperger ya ɗaukaka? Wani ɓangare na amsar mai ɗaci ne. Da aka kori Yahudawa daga asibitocin Viyana, waɗanda suka rage su suka gaji kujeru da aikin da aka yi tare. A 2018 wani masanin tarihi ɗan Austiriya, Herwig Czech, ya buga binciken da ya yi a ma'ajiyar takardun birnin. Asperger bai yanki katin jam'iyyar Nazi ba, amma ya shiga ƙungiyoyi masu alaƙa da ita, kuma ya yi aiki da tsarinta. A watan Yunin 1941 ya sa hannu a takardar tura wata yarinya mai naƙasa, wadda ba ta cika shekara uku ba, zuwa asibitin Spiegelgrund. Ta mutu a can a watan Satumba. Kusan yara 800 ne suka mutu a wannan wuri tsakanin 1940 da 1945, da yawansu kashe su aka yi da magani da yunwa. Ba zan iya karanta yabon da Asperger ya yi wa yara masu basira ba tare da tuna waɗanda aka ga ba su da amfani ba.

Da aka ci gaba da tono, sai aka tarar ko Viyana ba ita ce farko ba. Wata likita haifaffiyar Kiev da ke aiki a Mosko, Grunya Sukhareva, ta siffanta yara maza 6 masu irin wannan hali a 1925 da Rashanci, aka buga da Jamusanci a 1926, ta kuma bi da rahoto a kan 'yan mata. Sai a 1996 wata likita, Sula Wolff, ta fassara aikin zuwa Ingilishi. Ke nan shekara goma sha takwas kafin rahoton Asperger, siffar tana nan a buge, cikin harshen da dukansu ke karantawa.

Sunan Asperger kansa bai shiga bakin duniya ba sai bayan mutuwarsa a 1980. Wata likitar Ingila, Lorna Wing, wadda 'yarta ke da otizim, ita ta fito da shi a 1981, da niyya mai kyau: tana so likitoci su daina korar yaron da ke magana da karatu suna cewa lafiyarsa ƙalau. Sunan ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1994, aka cire shi a 2013 aka haɗe komai a ƙarƙashin otizim mai faɗin matakai, kundin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ma ya bi sahu. Amma kafin nan masu lalurar sun riga sun fara magana da bakinsu. A 1992 wani mai otizim, Jim Sinclair, da abokansa suka kafa ƙungiyar da masu otizim ke tafiyarwa da kansu, a 1993 kuma ya tsaya gaban iyaye a wani taro a Toronto ya roƙe su su daina makokin yaron da suka yi mafarki, su san wanda ke gabansu. Bayan binciken Czech, wasu sun yar da sunan Asperger, wasu sun riƙe shi domin da shi suka fara gane kansu, kuma ban ga wanda ya isa ya yanke musu hukunci a kan hakan ba.

Frankl bai daɗe a Baltimore ba, ya ci gaba da aikin kula da yara a wasu jihohin Amurka. A 1957 ya rubuta dogon nazari a kan otizim wanda ba a taɓa bugawa ba a rayuwarsa. Ya rasu a 1975, rubutun kuma yana ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Kansas, inda masu bincike suka koma suka karanta shi bayan sunansa ya sake fitowa.