KUMBURIN ƘAFA ƊAYA BA NA CIKI BA NE

Ya ke uwa, mai ciki da mai jego, karanta wannan, ko ki sa a karanta miki.

Allah ya yi jini ya riƙa daskarewa a bakin rauni don zuba ta tsaya. Amma wani lokaci yakan daskare a cikin jijiya, ba rauni ba komai, ya zama guda ya toshe hanya. Galibi a sha-raɓa ko cinya yake farawa. In gudan ya ɓalle, jini ya kai shi huhu, yana iya kashe mutum nan take.

WANDA AKE GADO
Babba a ƙasarmu shi ne ciwon sikila, wato amosanin jini. Jinin mai SS ko SC ya fi saurin yin guda. A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da AS, kuma in uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da rabo 1 cikin 4 ya zo da SS. Akwai kuma zuriyar da ake haifa da ƙarancin abin da ke tsinka jini a jiki. Saboda haka in uwarki, ubanki ko ɗan'uwanki ya taɓa yin gudan jini tun da ƙuruciya, gaya wa malamar asibiti ranar awon farko.

WANDA YAKE SAMUN MUTUM DAGA BAYA
1. Ciki da jego. Mai ciki ta fi wadda ba ta da shi haɗari ninki 4 zuwa 5. Makonni 6 na bayan haihuwa, wato kwanakin arba'in ɗinki, su suka fi tsanani.
2. Haihuwa ta hanyar aiki, ko doguwar kwanciya ta jinya.
3. Ɓari a kai a kai. Wani irin ciwon jini yana sa guda a mabiyiya. Ana gane shi da gwaji, kuma yana da magani.
4. Wasu ƙwayoyin tazarar haihuwa. Kada ki saya a kemis sai an duba ki.
5. Ƙiba mai yawa, shekaru sama da 35, da dogon zama a mota ba motsi.

ALAMOMI
Kumburin ciki na yau da kullum ƙafa biyu yake kamawa, ya sassauta in kin kwana. Na guda kuwa ƙafa ɗaya ce, sau da yawa ta hagu, da ciwo da ɗumi, kuma ba ya saɓewa. In kika ji haki farat ɗaya, ko suka a ƙirji, ko tari da jini, to ba a kwana da wannan. A nemi mota ko da tsakar dare ne.

ABIN DA ZA KI YI
Ki tashi ki taka tun ranar haihuwa, in malama ta yarda. Zaman ɗaki na jego bai hana zagaya tsakar gida ba.
Ki sha ruwa da yawa, musamman bayan wankan jego da lokacin bazara.
In tafiyar Birnin Kebbi ko Sakkwato ta kama, ki riƙa motsa ƙafa, ki sauka ki taka duk inda aka tsaya.
Kul kika bari a murza ƙafar, ko wanzami ya yi mata ƙaho ko tsaga. Murza tana iya tura gudan zuwa huhu.
Ki zo asibitin nan na Danko, mu tura ki Babban Asibitin Zuru. Akwai allurar tsinka jini wadda ba ta cutar da ɗan da ke ciki, ba ta kuma hana shayarwa. Magani yakan kai wata 3 ko fiye. Kada ki daina don kin ga ƙafa ta saɓe.

Ki gaya wa maigida da surukarki waɗannan alamomi tun yau, don su ne za su ɗauko ki.

Rigakafi ya fi magani.

Ma'aikatar Lafiya, Jihar Kebbi