Ƙirar Fikafikan Baka Mai Faifai: Tushen Daidaito da Ƙarko

Baka mai faifai, wanda Holless Wilbur Allen na jihar Misuri ta Amurka ya nemi rajistar ƙirƙirarsa a shekarar 1966 kuma aka ba shi a 1969, ya bambanta da bakan gargajiya ta hanyar faya-fayai masu juyawa da aka ɗaura a bakinsa na sama da na ƙasa, waɗanda ke rage nauyin tsirkiya idan maharbi ya ja ta zuwa ƙarshe, har ragin kan kai kashi 80 cikin ɗari a wasu bakunan. Sai dai ƙarfin da ke cilla kibiya ba a faya-fayan yake taruwa ba, a cikin fikafikai yake, wato sassa biyu masu tauri da aka kafa a jikin mariƙin alminiyam, waɗanda akan yi da zaren gilashi da aka haɗe da gam mai ƙarfi, wani lokaci a ƙara da zaren kabon.

Akwai ƙirar fikafikai iri biyu. Ta farko ita ce fiffike guda mai faɗi, wanda aka tsaga bakinsa domin faifai ya samu wurin zama, kuma rauninsa yana gindin wannan tsagar ne, domin a nan matsi ke taruwa, a nan kuma tsagewa kan fara. Ta biyu ita ce fiffike biyu sirara da aka jera kafaɗa da kafaɗa, ƙirar da kamfanin Hoyt ya yi suna da ita, wadda ta kawar da wancan raunin, sannan idan an buɗa tazarar da ke tsakaninsu sukan hana faifai karkata. Amma wajibi ne taurinsu ya dace da juna, domin da zarar ɗaya ya fi ɗaya sanyi, faifai zai jirkice, kibiya kuma ta kauce.

Yadda aka kafa fikafikan ma yana da tasiri babba. A tsofaffin bakuna fikafikai suna kusan miƙe ne a tsaye, saboda haka idan an saki tsirkiya dukansu sukan zabura gaba, girgizar ta sauka a hannun maharbi. A bakunan zamani an kwantar da su har sun kusa yin layi ɗaya da kibiya, ta yadda na sama ke komawa sama, na ƙasa ya koma ƙasa, ƙarfin ɗaya ya kashe na ɗayan, girgiza da ƙara su ragu ƙwarai.

Duk da haka, kyawun ƙira ba ya maye gurbin kulawa. Sakin tsirkiya ba tare da kibiya ba yana mayar da dukan ƙarfin da aka tara cikin jikin bakan, abin da kan iya fasa fiffike nan take, haka kuma barin baka cikin mota rufaffiya a rana yana raunana gam ɗin da ke riƙe da zaren. Saboda haka ya kamata maharbi ya riƙa duba fikafikansa kafin harbi, kuma ya daina amfani da baka da zarar ya ga tsaga, komai ƙanƙantarta.